Tsohon alƙalamin tawada mai baki a karkace: zaɓe, riƙo da gyara a yanayin Katsina

Wanda ya ci karo da tsohon alƙalamin tawada, ya cire murfi ya ga bakin faffaɗa kuma kamar an yanke shi a karkace, zai ɗauka faɗuwa ya yi ko ya cinye ta gefe guda. Kafin ka yanke wannan hukunci, duba ko an buga OB ko OBB a jikin bakin, ko a kan abin murɗawa da ke gindin alƙalamin. Idan akwai, to haka kamfani ya ƙera shi da gangan. O alama ce ta yankan karkace, B faffaɗa, BB wanda ya fi shi faɗi, akwai ma O3B da ba kasafai ake gani ba. Karkatar ba ta da yawa, wajen digiri 15 ce, amma ita kaɗai ta isa ta sa alƙalami ya yi wa wani rubutu kamar ba gobe, ya ƙi yi wa wani ko ɗigo.

Ga yadda za ka gane ɓangaren da aka yanka. Riƙe alƙalamin tsininsa na kallon sama, fuskar bakin mai rubuce-rubuce na kallonka. Tsaga ta raba bakin gida biyu, haƙorin dama da na hagu. A kusan duk OB na Jamus haƙorin dama ne ya fi tsawo, yankan ya gangara zuwa hagu, kamar yatsun ƙafarka ta hagu idan ka leƙa su daga sama: babban yatsa a dama, sauran suna raguwa. Akwai mai yankan akasin haka, amma ƙalilan ne.

Tunda haƙorin hagu ya fi gajarta, dole ka mirgina alƙalamin kaɗan zuwa hagu a tsakanin yatsunka har haƙoran biyu su zauna a kan takarda tare. Duk sirrin ke nan, kuma a nan mafi yawan mutane ke sarewa. Ɗora bakin a kan takarda ba tare da dannawa ba, gangar alƙalamin ta tashi daga takarda kamar digiri 45 zuwa 50, sannan ka riƙa mirginawa sannu a hankali kana jan gajerun layuka. Za ka ji inda kartar ta ɓace, tawada ta sauko cike da faɗin bakin. Tsaya a nan. Ja layi daga sama zuwa ƙasa, ja na kwance, ja na karkace biyu, sannan ka yi ta zana 8 har layi biyu ko uku. Idan ba ka mirgina yadda ya kamata ba, haƙorin dama ne kaɗai ke taɓa takarda, sai ka ga tawada na yankewa a farkon kalma, gefen layi ɗaya ya fito a ciccije. Idan ka zarce, kusurwar hagu ce za ta riƙa kartar takarda, wani lokaci har ta tsinko zarenta ta cusa cikin tsaga.

Akwai mutanen da tun asali haka suke riƙon abin rubutu, a mirgine, ba tare da sun sani ba. Su ne aka yi wa wannan baki. Mai irin wannan hannu idan ya kama OB ba ya buƙatar koyo. Wanda kuwa ya saba juya alƙalami a hannu yana cikin rubutu, kamar yadda biro ya saba wa mutane, zai sha wuya, domin faffaɗan baki ba ya yafe juyi.

Abin da ake samu bayan wannan ɗawainiya shi ne layi mai kauri da siriri ba tare da an danna ba. Layin da ya fi kauri shi ne wanda ya sauko daga hagu sama zuwa dama ƙasa, mafi siriri kuma wanda ya hau daga hagu ƙasa zuwa dama sama. A OB na shekarun 1950 mai kaurin yakan kai kusan milimita 1, siririn bai kai rabin haka ba. Saboda haka ƙananan haruffa suna buƙatar tsayin milimita 3 zuwa 4, takarda kuma mai tazarar layi milimita 8 ko fiye. Mai rubuta Hausa zai fi kowa ganin dalili: lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ ita ce ta fara cikewa da tawada idan rubutu ya yi ƙanana, sai ƙ ta koma k mai ƙulli a ka. Buɗe lanƙwasar fiye da yadda ka saba yi da biro, kuma ka ja ta a bugu ɗaya, kada ka dawo ka maimaita.

A ajami kuwa wannan yanka yana taimaka wa mai rubutu da hannun dama, don yana sirantar da alif da lam, ya kaurara jan da ke kwance, wanda shi ne tsarin rubutun nasakhi. Masu feƙe alƙalamin kara don irin wannan rubutu su ma gefen dama suke bari ya fi tsawo. Sai dai digiri 15 ba ta kai karkatar alƙalamin masu zayyana ba, don haka kada ka sa ran abin da ya wuce rubutun wasiƙa da na littafin karatu mai kyan gani. Ɗigo da wasali suna fitowa da kyau da OB. Da OBB sukan haɗe idan ba a ba su fili ba.

Wane alƙalami?

A ganina dalilin neman tsoho maimakon sabo guda ne: yadda aka gyara tsinin. A ƙarshen kowane bakin zinariya akwai ɗan ɗigon ƙarfe mai tauri da ake kira iridiyom, shi ke gugar takarda. A da ana daddaɗe shi ya zama mai faɗi da gefe, yanzu galibi ana barinsa a dunƙule. Shi ya sa sabon OB, ko na Lamy 2000 ko na Montblanc, yake da santsi amma bambancin kauri da siriri kaɗan ne, tsohon kuwa yana nuna shi ƙarara. Ƙari a kan haka, bakin zinariya na wancan zamani yana da ɗan laushi, yana ba da kai kaɗan idan hannu ya sauko. Wannan laushin ba izinin dannawa ba ne. Danna baki mai yankan karkace yana ɗora nauyi a kan haƙori ɗaya, ya bar shi sama da ɗan'uwansa.

Gidan wannan baki Jamus ne. Pelikan 100 ya fito a 1929, 400 mai ratsin kore a 1950, ƙaramin 140 a 1952, sai 400NN a 1956, dukansu masu fistin ne, wato ana murɗa gindi su zuƙi tawada kai tsaye cikin ganga. Montblanc 146 da 149 na shekarun 1950 su ma suna da OB da OBB masu kyau, amma kuɗinsu da wahalar gyaransu sun sa ba zan ba mai farawa shawararsu ba. Pelikan 140 ko 400 ya wadatar, musamman da yake bakinsu kwancewa yake yi da murɗi, ana iya sauya shi.

Abin da ya fi yawa a akwatunan iyaye da kakanni a nan ba na Jamus ba ne. Tun zamanin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, garin nan da Daura sun tara malaman makaranta, alƙalai da akawunan En'e waɗanda rubutu ne aikinsu, kuma kayan Ingila ne suka fi isowa hannunsu: Parker na masana'antar Newhaven, Conway Stewart, Swan, Platignum, Osmiroid. A cikin waɗannan bakin M (matsakaici) da F (siriri) ne suka fi yawa. Parker 51, wanda ya fara fitowa a 1941, alƙalami ne da ba ya gajiya, amma samunsa da faffaɗan baki a karkace sai an tona. Hanya mai sauƙin kuɗi ita ce Osmiroid 65 ko 75, ko Esterbrook J na Amurka. Bakinsu murɗawa ake yi, kuma na Osmiroid yana shiga Esterbrook. A Esterbrook nemi lamba 2314-B ko 9314-B, dukansu masu yankan hagu ne. Mai farawa da 9 yana da ɗigon ƙarfe mai tauri a tsini, mai farawa da 2 ba shi da shi, don haka yana cinyewa da wuri.

Wata magana a gefe: idan ka ga 14C ko 585 a jikin baki, zinariya ce kashi 58.5 cikin ɗari; 18C ko 750 kuma kashi 75. Wannan ne ke sa magada su zare bakin su kai wa maƙerin zinariya. Nauyin bakin irin na Pelikan 140 bai kai rabin giram ba, kuma da zarar an narka shi an rasa abin da ba a ƙera irinsa yanzu. Alƙalamin a haɗe ya fi zinariyar daraja.

Kafin ka biya kuɗi, sa madubin masu gyaran agogo mai ƙara girma sau 10 ka kalli tsinin ta gaba. Ɗigon ƙarfen ya kasance a haƙoran biyu, babu wanda ya ɓalle. Duba tsagewa a kusa da ramin da ke tsakiyar baki da kuma can gindinsa inda ya shige wuya, wato wurin da yatsu ke riƙewa. Bi leɓen murfi da farce, nan ne yake fara tsagewa saboda masu cusa shi a gindi da ƙarfi. Ka kuma lura da abu biyu masu kama da juna: bakin M da shekaru suka cinye ta gefe har ya yi kamar OB, da OB na gaske da wani ya goge ya miƙar da shi. Na farko za ka ga fili mai sheƙi a ƙasan tsini amma yankan gaba a miƙe yake. Idan ta intanet za ka saya, nemi hoton tsinin ta gaba da ta ƙasa, da hoton rubutun da aka yi da shi mai ɗauke da layin tsaye, na kwance da na karkace. Mai sayarwar da ya ƙi, bar masa kayansa.

San kuma da me aka yi jikin. Goga shi da yatsa har ya yi ɗumi ka sansana. Ƙamshin kafur na nufin seluloyid ne, wanda wuta ke kamawa nan take, barasa kuma ke narkar da shi, har da man wanke hannu mai sifirit. Warin taya na nufin ebonait ne, baƙar roba mai tauri da rana da ruwan zafi ke mayarwa ruwan ƙasa. Wasu Conway Stewart da kasin aka yi su, wanda ake samu daga madara. Jiƙa shi cikin ruwa na kumbura shi ya lalace. Saboda haka ba a tsoma alƙalamin da ba a sani ba gaba ɗaya cikin ruwa. Baki da wuya kaɗai ake jiƙawa.

Gyara

Mai fistin: idan gindin ya ƙi murɗuwa kada ka tilasta, sandar ciki ce za ta karye. Tsayar da alƙalamin cikin kofi, ruwa ya rufe baki zuwa wuya, ya kwana. Sannan kama baki da harshen da ke ƙarƙashinsa, wanda ke kai masa tawada, tsakanin babban yatsa da manuni, ka juya gangar, ba bakin ba. Harshen tsohon Pelikan ebonait ne mai siraran fukafukai a tsaye, matsi ta gefe yana karya su. A wasu 400NN zoben da ya haɗa baki da harshe na wata roba ce mai haske da ke tsagewa da tsufa. Idan ka ji bakin na juyawa ba ya fitowa, tsaya, zoben ne ya fashe. Bayan baki ya fita, ɗiga ruwa cikin ganga ya jiƙa busasshiyar tawada, sannan ka ɗebi man silikon tsantsa a kan tsinken sakace, abin da bai kai ƙwayar gero ba, ka shafa a bangon ciki kusa da fistin, ka murɗa sama da ƙasa sau biyar ko shida. Ban da basilin da man keken ɗinki, man fetur ne asalinsu, suna cin roba. Idan ka ga tawada a bayan fistin ko tana fitowa ta gindi, abin toshewar ya mutu, sai an sauya. Na farkon Pelikan 100 da Montblanc na shekarun 1950 da kok aka yi shi, ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi. Kok idan ya bushe yana ƙanƙancewa; cika alƙalamin da ruwa kwana biyu ko uku wani lokaci yana dawo da shi. Zare injin fistin gaba ɗaya ba aikin mai koyo ba ne: na Pelikan 100 da 100N murɗinsa na hagu ne, na 140 da 400 kuma cusa shi aka yi.

Mai liba a gefe, wato ɗan ƙarfen da ake ɗagawa don zuƙar tawada, irin Esterbrook J, Osmiroid 65 da yawancin Conway Stewart, jakar roba ce a cikinsa. Idan ka ɗaga libar ka ji turjiya ko ƙarar ɓarɓashi, jakar ta ƙandare, kada ka ƙara ja. Ɗumama mahaɗar wuya da ganga da na'urar busar da gashi, kana juyawa, zuwa kusan digiri 60. Gwada a leɓenka, idan ba za ka iya jurewa ba ya yi yawa, domin seluloyid na fara lanƙwashewa jim kaɗan bayan digiri 70. Ban da kyandir, ban da ashana. Kama wuyan da guntun tiyub na keke ka ja a miƙe kana ɗan juyawa, kada ka karkaɗa gefe da gefe, bakin ganga ne ke tsagewa. Kankare ragowar tsohuwar jaka daga kan nonon wuya da cikin ganga, ka haska ka ga ko ƙarfen da ke matse jakar ya yi tsatsa. Lambar jaka faɗinta ne a kason inci 64: lamba 16 rubu'in inci ce, wajen milimita 6.4, ita ce ta Esterbrook J. Zaɓi wadda ke zamewa cikin ganga ba tare da gugar bango ba, yanke ta yadda za ta rage milimita 2 ko 3 kafin ƙarshe, shafa shalak, wani danƙo da zafi ke sassautawa, siriri a kan nonon, sa jakar, bar ta ta kwana. Kashegari barbaɗa mata hodar talk marar turare, mayar da wuyan yadda liba za ta yi layi ɗaya da fuskar baki. Ban da sufa gulu da solushan na masu faci, wanda zai gyara bayanka ba zai iya buɗewa ba. Gwada da ruwa: ɗaga liba, ka ga kumfa, mayar da ita, ƙirga goma kafin ka fitar da bakin.

Idan alƙalami ya sha tawada amma yana karta, duba haƙora da madubi kafin komai. Galibi ɗaya ne ya hau kan ɗaya. Ɗaga wanda ya yi ƙasa da farce, kaɗan-kaɗan, kana dubawa bayan kowane ɗagi. Idan tawada ba ta isa gefe zuwa gefe, tsagar ce ta toshe ko ta matse. Zura fallen tagulla mai kaurin milimita 0.05, ba reza ba. Idan takarda na iya shigewa tsakanin baki da harshe, sun rabu: tsoma harshen ebonait cikin ruwa mai zafin kusan digiri 80 na rabin minti, matse shi da bakin har ya huce. Sanfefa ce ta ƙarshe, kuma ni ban yarda a kusantar da ita ga tsohon OB ba. Gefen nan mai ɗan kaifi shi ne abin da ka saya, guga goma ta isa ta tafi da shi, ba ya kuma dawowa.

Tawada, takarda da yanayin garin nan

Faffaɗan baki yana zubar da tawada da yawa, saboda haka ba shi wadda ba ta cika gudu ba. Pelikan 4001, shuɗiya ko shuɗi-baƙi, ita ce ta fi dacewa da tsofaffin alƙaluman Jamus. Quink ta Parker da shuɗiyar Waterman suna da sauƙin wankewa, sun dace da masu jaka. Ja da shunayya masu kauri suna rina tagar da ake ganin tawada. Tawadar hatimi, ta firinta da ta zane ba sa shiga alƙalamin nan ko kusa. Haka tawadar allo: gawayi da ƙaro ne, ƙaron zai daskare cikin siraran hanyoyin harshe. Yambari ma, da ake haɗawa da bagaruwa da ƙarfe, duk da kyanta a takarda, tana da gari da tsami da ba a auna ba. Mai son irin halinta ya nemi ta zamani da aka tace don alƙalamin tawada, kamar Salix ta Rohrer & Klingner. Ba ta bazuwa ko a takardar littafin makaranta, amma a wanke alƙalamin duk mako biyu ko uku, kuma ta fi dacewa da bakin zinariya.

Takardar fotokwafi mai giram 80 iri-iri ce, wata ta riƙe OB, wata ta tsotse har bayanta. Gwada kafin ka sayi rim. Rhodia da Clairefontaine na Faransa suna fitar da gefen layi tsaf. Conqueror mai ratsi-ratsi da ake buga wasiƙun ofis da ita tana sa faffaɗan baki tsallake. A lokacin zafi sa wata takarda ƙarƙashin hannunka, domin gumi da maiƙo suna hana tawada kama rabin shafi na ƙasa, mutum ya yi ta zargin baki.

Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, matsalar ita ce aman tawada. Iskar da ke cikin gangar da ta yi rabi tana faɗaɗa da zafin hannu, ko idan ka fito daga ɗaki mai sanyi zuwa rana, sai ta turo tawada ta ɗiga a takarda. Pelikan 400 na ɗaukar kusan mililita 2. Kada ka bari ya sauka ƙasa da sulusi. Bayan ka cika, sako ɗigo biyu ko uku cikin kwalba, juya baki sama, sannan ka ƙarasa murɗa fistin. Ɗauke shi a aljihun gaba baki na sama, musamman a kan babur. Kada ya yini cikin mota a rana: shalak zai saki, jaka ta yi laushi, seluloyid ya lanƙwashe. Jakar roba ma ba ta daɗewa a nan kamar yadda take yi a ƙasashen sanyi, don haka ajiye guda biyu ko uku a wuri mai sanyi da duhu.

Hunturu nasa daban. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iska na bushewa ƙwarai, faffaɗan tsini yana bushewa cikin daƙiƙoƙi idan ka tsaya tunani, don haka mayar da murfi ko da a sassauce. Tawadar da ta kwana biyu a ciki ta yi duhu da danƙo, zuƙo mata ɗigo uku ko huɗu na tataccen ruwa. Idan ruwan batir za ka saya, tabbatar wanda babu asid ne. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin farin gari a harshe. Kaɗe ƙura daga takarda kafin ka fara, domin yashi ne, yana cin bakin Osmiroid da 2314 da ba su da ɗigon kariya. Alƙalami mai kok kada ya zauna babu ruwa ko tawada a cikinsa a waɗannan watanni. Da damina kuma duba kwalba: farar yana a saman tawada ko wari na nufin ta yi fumfuna, zubar da ita, wanke duk alƙalamin da ya sha daga cikinta.

Wankin yau da kullum ruwa ne mai sanyi, a zuƙa a fitar har ya fito fari. Idan tawada ta daskare, kashi ɗaya na ruwan amoniya na gida cikin kashi goma na ruwa, sannan a ɗauraye sosai. Kada wannan haɗi ya taɓa kasin ko alminiyom. Wanda za a ajiye ya daɗe, in ba mai kok ba ne, a wanke shi ya bushe kwana biyu baki na ƙasa a kan tsumma, a kwantar da shi cikin aljihun tebur inda rana ba ta kaiwa. Na seluloyid kada a ƙulle shi cikin leda ko gwangwani mai rufewa ruf, yana fitar da iska mai tsami da ke buƙatar mafita, kuma wanda ya fara tsattsagewa kamar ƙanƙara a gindi ko a kan murfi a raba shi da sauran.